Me ya sa suka zuba wa Disney dala dubu 11 tun 1991? Zagayen Old Key West

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Florida nake muku magana, kusa da Orlando, cikin filin Walt Disney World, kuma waɗannan gidajen masu fenti kala-kala da kuke gani a bayana, ruwan hoda da kore da shuɗi-shuɗi, su ne ake kira Old Key West. Wani abokin aikina ne ya ba mu aron makinsa, wato makin da mambobi suke kama ɗaki da shi, muka sauka nan da iyali, mahaifinsa yana cikin waɗanda suka saya tun farko-farko, kuma tunda muka iso tambaya ɗaya ce take ta yi min yawo a kai, wai me ya sa mutum mai hankalinsa, mai iyali, mai albashi ƙayyadadde, zai ɗauki sama da dala dubu 11 a shekarar 1991 ya miƙa wa kamfanin katun saboda ɗakin hutu? Shi nake so mu tattauna muna tafe ina nuna muku wurin.

Bari in fara da yadda abun yake a lokacin. A Amurka akwai wani tsari da suke kira taimshe, mutane da yawa ne suke mallakar ɗaki ɗaya a wurin shaƙatawa, kowa da satinsa a shekara, kai misali sati na 32 naka ne, duk shekara wannan satin dai, wannan ɗakin dai. Toh a shekarun 1970 da 1980 sunan harkar ya ɓaci sosai, saboda dillalai su kira ka da sunan za a ba ka kyauta, su zaunar da kai awa uku suna matsa maka lamba sai ka sa hannu, bayan ka saya kuma in ka tashi sayarwa babu mai so. Kamfanin otal-otal na Marriott sun shigo harkar a 1984 suka ɗan gyara mata suna, sannan Disney a zamanin shugabancin Michael Eisner suka buɗe nasu, Disney Vacation Club, kuma wannan wurin da nake tsaye shi ne na farko, an buɗe shi a Disamban 1991. Lokacin ma ba Old Key West ake ce masa ba, sunan kulob ɗin kawai yake ɗauke da shi, sai a 1996 aka canza.

Abun da Disney suka yi daban shi ne basu sayar da sati ba, maki suka sayar. Duk shekara ana zuba maka makin da ka saya, kowane dare a kowane irin ɗaki yana da nasa farashin da maki, lokacin Kirsimeti da hutun makaranta ya fi cin maki, watan Satumba da Janairu da sauƙi, daren Juma'a da Asabar ya fi na tsakiyar sati tsada. In bana ba za ka samu zuwa ba sai ka ajiye makin zuwa baɗi, in kuma bana kana da babban taro sai ka ranto na baɗi ka haɗa, kenan mutum zai iya tara na shekara uku a tafiya ɗaya ya kwaso iyaye da ƙanne da jikoki. Baban abokin nan nawa, dattijo ne yanzu ya haura saba'in, da muka yi waya na gaishe shi na yi masa godiya, ya ce min wannan ne ya fara jan hankalinsa, don shi aikin masana'anta yake yi a lokacin kuma ba shi ke zaɓar ranar hutunsa ba, da an ce masa sati kaza ne naka har abada da ko sauraro ba zai tsaya yi ba.

Yanzu ga lissafin kuɗin, ku biyo ni a hankali. Maki ɗaya a farkon nan wajen dala 48 zuwa 51 ne, kuma mafi ƙaranci da za a sayar maka shi ne maki 230, in ka buga da 51 ya ba ka dala 11,730. Yarjejeniyar kuma tana ƙarewa ne ranar 31 ga Janairun 2042, wato shekara hamsin kenan. Raba kuɗin nan gida hamsin, bai kai dala 240 a shekara ba. Sai kuɗin kula da wuri da ake biya duk shekara, na gyara da haraji da albashin ma'aikata, a lokacin wajen dala biyu da rabi ne kan kowane maki, ka ga duka-duka mutum yana kashe wajen dala 800 a shekara, kuma makin nan 230 zai kai shi kusan sati guda a gida mai ciki biyu da falo a lokacin da ba cunkoso, ko fiye da sati biyu a ƙaramin ɗaki. Kuma ga inda maganar take, jimillar makin da ke wurin gaba ɗaya ba ya ƙaruwa, Disney za su iya rage wa wannan wata su ƙara wa wancan, amma ba za su iya ɗaga duka ba, alhali kuɗin otal kullum sama yake yi. Kamar mai sayen hatsi da kaka ne ya zuba a rumbu, ya san dai zai ci, ya san kuma farashi ba zai tsaya inda yake ba.

Ku zo in shiga da ku ciki ku gani da idonku. Kun ga falon nan? Wallahi ya fi falon gidan hayar da nake ciki girma. Ga kicin cikakke, firij babba, murhu, oben, tukwane, faranti, har injin wankin kwanuka, can kuma ɗan ɗaki ne da injin wanki da na busar da kaya, ga baranda mai faɗi tana kallon filin golf. Har yau a cikin duk wuraren kulob ɗin nan ɗakunan Old Key West suna cikin mafi girma, don lokacin da aka gina shi ana so ne a gamsar da mutanen da basu taɓa ganin irin abun ba, sai aka saki hannu. Mafi girman gidajen ma ciki uku ne, bene sama da ƙasa, mutum 12 yake ɗauka. Ni kam kicin ɗinnan shi ya fi burge ni, domin duk wanda ya taɓa yawo da yara a ƙasar nan yana neman abincin halal ya san wahalar, jiya uwargida ta dafa mana shinkafa da miya da naman da muka sayo a shagon halal a Orlando, yara suka ci suka ƙoshi kafin mu fita, da yamma muka dawo aka ɗumama. Su ma Turawan na 1991 lissafinsu kenan ta nasu ɓangaren, iyali mai yara uku ko huɗu a otal sai sun kama ɗaki biyu, kuma safe rana dare a gidan abinci, nan kuwa ƙofa ɗaya, tukunya ɗaya, mota a ƙofar gida. Abu ɗaya dai zan faɗa wa mai zuwa da tsoho, yawancin gine-ginen nan hawa uku ne kuma babu lifta sai ƴan kaɗan, ka nemi ɗakin ƙasa tun da wuri.

Sai babbar garaɓasar da duk tsohon mamba in kuka zauna sai ya ambata, tikitin shiga kyauta. Waɗanda suka saya a shekarun farko an ba su shiga wuraren wasan kyauta duk lokacin da suka sauka a nan da makinsu, har zuwa ƙarshen 1999, adadin tikitin rabin yawan mutanen da ɗakin yake ɗauka, in ciki biyu ka kama tikiti huɗu kenan kullum. A 1991 tikitin yini ɗaya wajen dala 33 ne, wuraren kuma uku ne a lokacin, Magic Kingdom na 1971, Epcot na 1982, da Disney-MGM Studios da aka buɗe 1989, Animal Kingdom sai 1998 ya zo. Mutum huɗu, sati guda, shekara bayan shekara har kusan takwas, ko ka cire rangwamen da ake yi wa mai sayen tikitin kwanaki da yawa, dubban daloli ne suka dawo aljihun mutum. Dattijon nan ya ce shi a lissafinsa tikitin kaɗai ya mayar masa da kaso mai tsoka na abun da ya biya kafin shekarar 2000. Yau kuwa tikitin yini ɗaya ya wuce dala 100, kuma babu wanda za a ba kyauta don ya sayi maki.

Amma fa kar mu ɗauka basu yi kasada ba, sun yi. A lokacin wuri ɗaya ne tak, babu wanda ya san ko za a ƙara gina wasu, babu kasuwar na hannu da za ka duba ka ga nawa ake sayarwa. Vero Beach a bakin teku sai 1995, Hilton Head a South Carolina da BoardWalk sai 1996, wani ma da aka sanar za a yi a Newport Coast ta California fasawa aka yi. Abun da suka riƙe kawai shi ne sunan kamfanin, sun ga yadda yake kula da otal-otal ɗinsa, sun ga ba a tsare su a ɗaki ana musu ihu ba, an nuna musu gida an ba su takardu an ce su je su yi shawara, dokar Florida ma ta ba mai saye kwana 10 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa. Kuma takardar mallaka ake ba ka, ana rajistarta a hukuma, za ka iya sayarwa, za ka iya bar wa ƴaƴa gado. Daga baya wuraren suka yi ta ƙaruwa, Saratoga Springs 2004, Animal Kingdom Villas 2007, Bay Lake Tower 2009, Aulani a Hawaii 2011, Riviera 2019, kuma makin nan na 1991 yana shiga dukkansu, sai dai a gidanka na asali, wato wurin da ka sayi makinka, kana kama ɗaki tun saura wata 11, a sauran kuma sai saura wata 7.

Nan inda muka shigo Olivia's Cafe ne, gidan abincin wurin, ku kalli bango. Duk hotunan nan na iyalan mambobi ne, wasu sun koɗe, ka ga yaro a kafaɗar babansa da kayan shekarun casa'in, kuma yaron nan yanzu shi ne yake turo keken nasa jaririn ta ƙofar nan. Ni a ganina nan ne ainihin dalilin yake, ya fi lissafin dala ƙarfi. A ƙasar nan aiki yana cinye mutum, doka bata tilasta wa kamfani ya ba ka hutu da albashi ba, wanda ake ba su ma da yawa basa ɗauka duka, kullum sai baɗi, sai an samu sarari, har yara su girma su watse, ɗaya a Texas ɗaya a Ohio. Wanda ya riga ya biya kuɗi kuma ya san makinsa zai ƙone in bai yi amfani da shi ba, dole ya tashi ya tara iyalinsa. Mu da muke zaune a waje mun san zafin wannan, sallah ta zo ta wuce kana wurin aiki, yaranka suna girma basu san ƴan uwansu da ke wata jiha ba. Dattijon ya ce min matarsa ta rasu shekarun baya, amma har yau duk Oktoba ƴaƴansa da jikokinsa a nan suke haɗuwa, ba sai an yi ta kiran waya ana roƙon kowa ba, kowa ya san lokacin. Gaskiya da ya faɗi haka sai da jikina ya yi sanyi.

Toh na san yanzu wasu za su tambaye ni, Malam mu ma mu saya ne? Ku saurara da kyau. Abun da ya yi wa mutanen 1991 aiki shi ne dama can suna zuwa nan duk shekara ko duk bayan shekara biyu, kuma dama a otal ɗin Disney mai tsada suke sauka, ba sayen ne ya sa su fara zuwa ba. Yau maki ɗaya a sababbin wuraren ya haura dala 200 in daga hannun kamfanin ne, kuɗin kulan da yake dala biyu da rabi yanzu a nan wajen dala 10 ne kan kowane maki, mai maki 230 kenan yana biyan sama da dala dubu biyu duk shekara ko ya zo ko bai zo ba, kuma wannan da wuya ya sauka. In bashi za ka ci ka saya, ruwan da ke kai yana da yawa, ga kuma maganar riba da kowa ya san hukuncinta a wurinmu. Na hannu ya fi sauƙi, amma kamfanin yana da ikon ya riga ka ɗauka a farashin da kuka daidaita da mai sayarwa, kuma tun 2019 sun sa ƙa'idojin da suka rage inda mai na hannu zai iya sauka. Ga ƴan uwa da ke gida kuma, dan Allah a kula, takardar nan bata ba mutum biza, bata da alaƙa da izinin zama, duk wanda ya ce maka haka ƙarya yake.

Su kansu na farkon yanzu maganar da suke yi ita ce 2042. A 2007 an ba masu Old Key West damar ƙara shekara 15 zuwa 2057 in sun biya ƙarin kuɗi kan kowane maki, wasu suka karɓa wasu suka ce su lokacin ai sun tsufa, shi ya sa yau a kasuwar na hannu za ka ga kwantiragin wuri ɗaya kala biyu, mai ƙarewa 2042 da mai ƙarewa 2057, farashinsu ma ba ɗaya ba. Baban abokina ya ƙara, ya ce ba don kansa ba, kuma ya riga ya sa sunan ƴaƴansa a takardar.

Ga jirgin ruwan da ke kai mutane Disney Springs, wurin shaguna da gidajen abinci, can ya iso, yara suna ta ɗaga min hannu in yi sauri, a bidiyo na gaba zan nuna muku yadda ake hayar maki daga hannun mamba ba tare da ka sayi komai ba, da abubuwan da za ka duba kafin ka tura wa kowa kuɗi. Sai mun haɗu, Allah ya bar zumunci.