Henschel Hs 123: Jirgin Yaƙin da Aka Daina Ƙerawa Tun Kafin Yaƙin Duniya na Biyu Ya Soma

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi jirgin nan da kyau: fukafukai hawa biyu, na sama dogo, na ƙasa gajere, tayoyinsa ba sa naɗewa, matuƙi kuma yana zaune a fili, iska na dukan fuskarsa. Wannan shi ne Henschel Hs 123, ƙirar Jamus.

Kamfanin Henschel na birnin Kassel da ƙera kan jirgin ƙasa aka san shi. Sai a 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki, ya tsunduma cikin harkar jiragen sama. A lokacin sojan saman Jamus na neman jirgin da zai sulalo daga sama kai tsaye ya saki bam a kan abin da ya nufa, sannan ya ɗago. A watan Mayun 1935 fitaccen matuƙi Ernst Udet ya tashi da shi a bainar jama'a.

Gwajin bai zo da sauƙi ba. Biyu daga cikin jirage ukun farko fukafukansu sun ɓalle yayin sulalowa, sai da aka ƙara ƙarfin ƙarafan da ke riƙe da fiffiken sama. A 1936 ya shiga aiki, amma ba a je ko'ina ba jirgin Junkers Ju 87, wato Stuka, ya ƙwace masa gurbi. A 1938 aka daina ƙera shi, bayan an yi kimanin 250 kacal.

To, a nan ne labarin ya juya. A yaƙin basasar Sifaniya Jamusawa sun aika da 'yan kaɗan ga ɓangaren Janar Franco, suka ga cewa amfaninsa na gaskiya shi ne yin ƙasa-ƙasa a kan filin daga, yana taimakon sojan ƙasa. Bindigogi biyu masu sarrafa kansu gare shi, da bama-bamai huɗu masu nauyin kilo 50 a ƙarƙashin fiffike. Injinsa BMW 132 iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle harsashi ya huda shi ruwa ya tsiyaye. Shi ya sa yake shan ruwan harsasai ya dawo gida.

A 1939 da Jamus ta afka wa Poland, matuƙa sun gano cewa idan suka saita injin a wani mataki, farfelar kan yi ƙara kamar ɓarin wuta, dawakai su firgice, sojoji su watse. Kada mu manta, a ƙarƙashin wannan ƙarar mutane ne da aka mamaye ƙasarsu ba gaira ba dalili. Ingancin jirgin ba ya wanke aikin da aka sa shi.

Ya yi yaƙin Faransa a 1940, sannan aka tura shi Tarayyar Sobiyat a 1941. Can ne ya nuna taurinsa. Idan laka ta cika filin jirgi, jiragen zamani suka kasa motsi, makanikai kan kwance murfin tayoyinsa don kada taɓo ya cushe, ya tashi abinsa. A tsananin hunturu ma haka, ko da yake matuƙin da ke zaune a fili shi ya san sanyin da yake sha.

A farkon 1943 Janar Wolfram von Richthofen na sojan saman Jamus ya nemi a koma ƙera shi. Aka ce masa ai tun 1940 aka wargaza kayan ƙirar a masana'anta. Haka ragowar suka ci gaba da tashi, ana cire kayan wannan a gyara wancan, har zuwa 1944 da suka ƙare. Sifaniya kuwa ta riƙe nata har cikin shekarun 1950.