Akwatin da kowa ke tsallakewa a zanen PRISMA

Kwanan nan sai ka ga mutum ya ɗora takardar bincike a Facebook, ya ce: "Ai sun bi PRISMA, magana ta ƙare." To jama'a, ba ta ƙare ba.

A gurguje: masana kan tattaro duk binciken da aka yi kan tambaya guda, misali ko wani magani yana aiki, su tace, su haɗa sakamakon wuri ɗaya. PRISMA ƙa'ida ce ta yadda za su rubuta rahoton wannan aiki. Ta fito a 2009, ta gaji QUOROM ta 1999, sabuwar sigarta kuma ta fito a mujallar BMJ a 2021. Sharuɗɗa 27 ne, da wani zane mai akwatuna da ke nuna yadda aka tace takardun, daga sama zuwa ƙasa.

A saman zanen, adadin takardun da aka zaƙulo daga rumbuna irin su PubMed. A cire maimaici. A duba kanu da taƙaitawa. Mu wuce, ba nan gizo ke saƙa ba.

Tsaya nan. Akwatin ƙarshe na gefen dama. Waɗannan takardu ne da aka karanta kaf, sannan aka ajiye su gefe. Sharaɗi na 16b ya ce duk binciken da ya yi kama da wanda ya cancanta amma aka fitar da shi, a ambace shi, a faɗi dalili. Kamar mai tsintar shinkafa ce: kada ta nuna maka tukunya kawai, ta nuna maka abin da ta zubar, ka gani ko tsakuwa ce ko ƙwaya. Ni dai in na ga an watsar da takardu da yawa an rubuta "ba su dace ba" kawai, nan nake fara ɗaga gira.

Kuma PRISMA ba ta tantance gaskiyar abin da aka bari a ciki. Ku tuna ivermectin, maganin tsutsar ciki da aka yi ta cewa yana maganin korona: wani bincike daga Masar ya shiga irin waɗannan rahotanni, aka janye shi a Yulin 2021 saboda matsalar alƙalumansa. Da aka cire shi da ire-irensa, amfanin da ake ta yayatawa ya zube.

Sai ku leƙa PROSPERO, rajistar da ke Jami'ar York a Ingila tun 2011. Can ake rubuta sharuɗɗan zaɓe kafin a fara aiki. Ku gwada su da dalilan da ke cikin akwatin nan, ku ga ko an canza su a tsakiyar hanya.