Mai ɗaurin talala da zai bar gari: lacca ga matasa da iyaye a Damagaram

(An ɗauki laccar a waya, aka mayar da ita rubutu.)

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, 'yan uwa matasa, sannunku da zuwa. Na baya ku matso gaba, lasifikar ba ta da ƙarfi.

Da kaka ta wuce kowa ya san abin da ke biyowa. A ɗaure kaya, wani Kano, wani Agadas, wani wajen tonon zinari a Jado, matan Kance kuma har Aljeriya. Ba mai hana neman abinci. Amma cikin masu tafiyar akwai waɗanda kotu ba ta gama da su ba, kuma da yawa ba su ma sani ba.

Lamarin kashi biyu ne. Akwai wanda alƙali ya yanke wa, mu ce, wata 6, ya ce ba zai shiga gidan kaso ba. Wannan yana iya tashi daga Kara-Kara ya koma Mirya ko Magarya. Sai dai hukuncin yana rataye a wuyansa shekara 5. In ya sake laifin da aka ɗaure shi cikin wannan lokaci, ko a Difa ne, wata 6 ɗin nan sai ya yi su, sannan sabon ya hau kai. An rubuta shi a kundin kotu, canza unguwa ba ya goge shi.

Na biyun ya fi damuna: wanda aka saki na wucin gadi shari'a ba ta ƙare ba, ko aka sallamo shi daga kaso bisa sharaɗi. Kafin ya fita ya faɗi inda za a same shi, ya yi alkawarin zuwa duk ranar da aka kira. To ya hau mota. Sammaci ya zo gidansu a Birni, ƙaninsa ya karɓa, tsohuwa ta naɗe ta sa a ƙasan kwalla, don ita takardar hukuma abin tsoro ce. Ranar zama a kira suna sau uku, shiru. Ana iya yanke hukunci ba ya nan, ana iya ba da takardar kama shi. Shi kuwa yana can yana tura kura a Sabon Garin Kano, sai ranar da ya dawo salla jandarmomi su sauke shi a shinge. Mutane su ce an tsane shi ne. Ba tsana, takarda ce ba a karanta ba.

Don haka kafin ka yanki tikiti, je kotu wurin magatakarda, ka ce za ka tashi, ga inda za ka, ga lambar wayarka. In sai da izinin alƙali, ka jira shi a rubuce. "Ai na faɗa wa wani ɗan sanda" ba hujja ba ce. Ƙetare iyaka kuwa, ko Daura ce, kada ka kuskura sai ka tambaya. Marar kuɗin lauya ya nemi ANAJJ, hukumar gwamnati mai ba da taimako a harkar shari'a, tun 2011 aka kafa ta don irinsa.

Ku kuma iyaye, don Allah, duk takardar da ta zo ku kai wa mai unguwa ko malamin makaranta ya karanta a ranar, ku buga wa yaron waya.

Alhaji, na ga hannunka tun ɗazu. Bismilla, a miƙa masa makirufo.