Petra: Birnin da Aka Fafe a Jikin Dutse, da Yadda Ya Samu Ruwan Sha

Wannan tsagin dutsen da kuke gani shi ne mashigar Petra, a kudancin ƙasar Jordan. Mutanen wurin suna kiransa Siƙ. Tsawonsa kilomita ɗaya da ɗan ɗoriya, a wasu wuraren faɗinsa bai wuce mita 3 ba, duwatsu kuma sun tashi dama da hagu har sai mutum ya ɗaga kai sosai kafin ya hango sama. Yawancin baƙi sauri suke yi a nan, kowa da waya a hannu, ana ɗokin isa ga ginin da ke ƙarshen hanya. Mu dai mu yi a hankali. Ku duba ƙasa-ƙasa a jikin bangon nan. Kun ga wata siririyar kwata da aka fafe tana bin dutsen? Ba don ita ba, da babu wanda zai iya zaman wannan kwarin.

Masu birnin su ne Nabatawa, Larabawa ne makiyaya tun asali. Marubutan Girka na dā sun ba da labarinsu tun wajen shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): mutane ne masu haƙa rumbunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, su shafe cikinsu, su bar baki ɗan ƙarami, su rufe shi da alamar da su kaɗai suka sani. In abokan gaba suka biyo su cikin hamada, ƙishirwa ce ke gamawa da su. Da wannan sanin suka kama hanyar fatake. Turaren lubban da mur daga Yaman da Oman a kan raƙuma ake ɗauko su, a bi ta yammacin ƙasar Larabawa har gaɓar teku a Gaza, daga nan jiragen ruwa su kai su Rum. Kowane ayari yana buƙatar ruwa da masauki da tsaro, Nabatawa kuwa ba kyauta suke bayarwa ba.

To, ina ruwan da zai ishi mutum dubu 20 ko fiye a wurin da ruwan saman shekara guda bai fi milimita 150 ba? Abin ma da ya fi wuya, ɗan ruwan nan ba yayyafi yake zuwa ba. Lokaci guda yake sauka a kan duwatsu, ya taru ya zama ambaliya, ya nufo Siƙ gadan-gadan. Sai suka gina madatsa a bakin tsagin, suka huda dutsen da ke gefe suka yi ramin da ya kai mita 88, ruwan ya riƙa kaucewa ta nan. A kwazazzaban da ke kewaye suka jera ƙananan madatsu masu rage ƙarfin ruwa da tura shi cikin rumbuna. Ruwan sha kuwa daga maɓuɓɓuga suka janyo shi, musamman Ainu Musa da ke sama da garin. A ɗaya gefen Siƙ ɗin bututun yumɓu ne aka jona baki da baki, da ƙananan kwaruruka nan da can inda yashi ke kwantawa ruwa ya wuce garau. Har yau ana ganin gurbinsu. Da masu tonon tarihi suka haƙa tsakiyar birnin, sai ga wani kududdufin shaƙatawa mai tsawon mita 43, da ɗan gini a tsakiyarsa, da lambu a gabansa. A hamada fa. Bafataken da ya yi watanni a kan raƙumi, in ya ga haka, ba sai an gaya masa ƙarfin mai garin ba.

Wanda ke ganin madatsar nan ado ce, ya ji wannan. Bayan ta rushe, a 1963 ambaliya ta shigo Siƙ ta halaka mutum fiye da 20, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido daga Faransa. Bayan haka aka sake gina ta a inda mutanen dā suka sa ta. A Nuwamban 2018 ma sai da aka kwashe dubban baƙi da gaggawa.

Ga mu a ƙarshen tsagin, ga Al-Khazna. Tsayinta kusan mita 40, kuma ba tubali ko ɗaya, dutse ne aka sassaƙa daga sama zuwa ƙasa. Masana da dama na ganin kabarin sarauta ne na zamanin Sarki Harisa na Huɗu, wanda ya yi mulki daga shekara ta 9 kafin miladiyya zuwa ta 40 bayanta. Ku dubi tulun da ke can ƙololuwa, duk tabo ne a jikinsa. Harsasai ne. Makiyayan yankin sun daɗe da jin cewa Fir'auna ya ɓoye dukiya a ciki, sai suka yi ta harbinsa ko zinariya za ta zubo. Dutse ne curi guda. A 2024 ne aka sanar da gano wani kabari a ƙarƙashin ginin mai ɗauke da ƙasusuwan mutum 12.

Masu zuwa yini guda galibi a nan suke ɗaukar hoto su juya, kuma a ganina sun yi asarar kuɗin mota. Birnin yana gaba. Akwai dandalin kallo da aka fafe a dutse mai ɗaukar dubban mutane, da manyan kaburbura a jere a jikin tsauni, da titi mai ginshiƙai, da Kasrul Bint wanda shi gini ne na gaske da ya jure girgizar ƙasa. Sai Ad-Dair, wani ginin da shi ma aka sassaƙa a dutse, can bisa tsauni, matakala wajen 800 kafin a kai. Ya fi Al-Khazna girma, ya kuma fi ta ƙarancin cunkoso, saboda hawan ya tace mutane.

Faɗuwar birnin a hankali ta zo. Fatake suka koma bin Bahar Maliya da jiragen ruwa. Romawa suka haɗe masarautar a shekara ta 106. Girgizar ƙasa ta 363 ta rusa gine-gine ta lalata hanyoyin ruwa. Duk da haka an ci gaba da zama, domin a 1993 an samu ƙonannun takardu kusan 140 a wani coci, na gado da haraji da rikicin fili, daga ƙarni na 6. Abu guda da Nabatawa suka bari ya iso har wurinmu: daga salon rubutunsu ne rubutun Larabci ya samo asali, shi kuma muka ɗauka muka yi ajami.

Ana yawan cewa wani ɗan Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, shi ya gano Petra a 1812. Turawa dai ya gano wa. Ya shigo da shigar Larabawa da sunan Shaihu Ibrahim, ya ce ya yi alwashin yanka akuya a kabarin da ake dangantawa da Annabi Haruna (AS) a kan tsaunin da ke kusa, kuma ɗan ƙasa ne ya yi masa jagora. 'Yan ƙabilar Bidul a kogunan nan suke zaune har shekarun 1980, lokacin da gwamnati ta mayar da su ƙauyen Ummu Saihun. A 1985 UNESCO ta sa Petra cikin wuraren tarihi na duniya. Jikokin 'yan Bidul ɗin ne za ku gani yau suna jan jakuna da raƙuma, suna dafa shayi a bakin hanya.

Daga Amman tafiyar kamar awa 3 ce a mota zuwa garin Wadi Musa, inda masaukai suke. Ku yanki tikitin kwana biyu, bambancin kuɗin kaɗan ne. Watan Maris zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba, sun fi daɗin tafiya. A shiga da sassafe kafin motocin baƙi su iso. Daga ƙofa zuwa Kasrul Bint da dawowa kilomita 8 ne, ban da hawan Ad-Dair, dawowar kuma hawa ce, don haka a tanadi takalmi mai kama ƙasa da ruwa isasshe. Wanda zai hau jaki ya gama ciniki tun yana ƙasa, ya kuma tambaya ko kuɗin na zuwa ne kaɗai ko har da dawowa.