Wa ke yi wa hanta tabo, cutar ko sojojin jiki?

To jama'a, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba game da ciwon hanta nau'in B: ita ƙwayar bairos ɗin ba kasafai take kashe ƙwayoyin hanta da kanta ba, shiga kawai take yi ta zauna tana hayayyafa. Yawancin ɓarnar daga sojojin jikin mutum take fitowa.

Kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shiga hanta daga hanji da kewayensa yake tahowa, ɗauke da abinci da kuma guntattakin ƙwayoyin cuta. A bakin ƙananan hanyoyin jinin akwai masu gadi da ake kira ƙwayoyin Kupffer, aikinsu su haɗiye datti shiru ba tare da tada hankali ba. Amma in cuta ta daɗe, ko giya, ko kitse ya taru a hanta, sai su fara fitar da sinadaran kumburi suna kiran ƙarin sojoji daga jini.

A nau'in B, wasu sojojin jiki da ake kira ƙwayoyin T ne ke bin duk ƙwayar hantar da bairos ya shiga suna kashewa. In sun yi nasara da wuri shikenan, mutum ya warke. Matsalar ita ce in faɗan ya ja shekaru sai su gaji, ba su iya korar cutar ba kuma ba su daina kai hari ba, kullum ana rauni ana gyara ana sake rauni. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 cutar zama take yi, babba kuwa bai kai 1 cikin 20 ba.

Nan ne tabon ke farawa. Akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da aikinsu ajiye bitamin A, wani sinadarin jiki mai suna TGF-beta na taɓa su sai su bar wannan aikin su koma zuba kolajin, wato zaren da ke haɗa tabo, hanta ta dinga taurarewa a hankali, mai ita kuma bai jin komai. Wallahi wannan shirun ne ya fi damuna.

Amma fa tabon na iya raguwa. In aka danne bairos da magani irin tenofovir, ko aka bar giya, wasu daga cikin masu gadin nan su ne ke juyowa su narkar da kolajin, wasu sojojin da ake kira ƙwayoyin NK kuma su kashe taurarin da suka ƙi kwanciya. Nau'in C ma yanzu ana warkar da shi cikin sati 8 zuwa 12. Sai dai gyaran ya fi yiwuwa kafin ciki ya fara tara ruwa, shi ya sa likita ke neman gwajin jini tun mutum na jin garau.