Maiƙo a Kwanon Raino: Abinci Ne Ko Sabulu?

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abu huɗu na shirya kan maiƙo a rainon ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike, in lokaci ya bari.

Na farko, ƙwayar halitta da ka ciro daga jiki ka sa a kwano marainiya ce, ci da sha duk a wuyanka. A 1955 Harry Eagle ya haɗa mata ruwan raino a Amurka: gishiri, sukari, bitamin, amino asid. Duk da haka sai an ƙara ruwan jini, yau galibi na ɗan tayin saniya, kashi 10 cikin 100. A nan maiƙon yake ɓoye. Ka cire ruwan jinin, ka cire maiƙo, alhali akwai asid na maiƙo, wato tubalin maiƙo, wanda jikinmu ba ya iya haɗawa, kamar linoleyik. George da Mildred Burr suka gano muhimmancin irinsa a 1929, a kan ɓeraye. Shi ya sa Richard Ham ya saka shi cikin haɗinsa F-12 a 1965.

Na biyu, kuma nan ne zuciyata take. Wa ya taɓa ganin yadda ake sabulu a gida? Mai da ruwan toka, ko? To ɗalibai, asid na maiƙo in ka narka shi da soda, sabulu ka yi. Sabulu! Ita kuwa fatar ƙwayar halitta da maiƙo aka gina ta. Ka zuba mata shi tsirara, ka wanke ta kamar kwanon miya. [dariya] Shi ya sa a jini asid na maiƙo ba ya yawo shi kaɗai, albumin, wani furotin na ruwan jini, ke goya shi. Albumin ɗaya yana da wurin goyo kusan bakwai. Ku riƙe wannan, goyo.

Ɗauki palmitik, asid na maiƙo wanda ya haura kashi 40 na manja. Ba ya narkewa sai ya wuce digiri 60, saboda haka ana ɗumama shi wajen 70. Albumin kuwa in ka kai shi 70 ya dahu kamar farin ƙwai, a 37 ake riƙe shi. Don ka goya shi, sai ka riƙa ɗiga palmitik mai zafin a cikin albumin kaɗan-kaɗan kana motsawa. Gaggawa aikin shaiɗan. Ya yi gajimare? Zubar, ka sake. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa min da murna, wai palmitik ya kashe masa ƙwayoyin hanta. Na ce ina kwanon da ka ba albumin zalla? Shiru. Maiƙo nawa a kan albumin nawa? Shiru. To me ya kashe su, maiƙon ne, sabulun ne, ko barasar da ya narka shi da ita? Goyo, jama'a, goyo.

Na uku a gurguje: linoleyik da danginsa suna lalacewa da iska da haske, kamar man da ya kwana biyu ya yi ɗoyi. A ɓoye su a duhu da sanyi. Na uku kuma... na ce uku? To na huɗu: oleyik, irin na man gyaɗa, yana rage ɓarnar palmitik domin yana tura shi ajiya ya zama kitse.

Na'am, 'yata, ga hannunki sama.

[Tambaya: Malam, wannan ya shafe mu masu aikin zazzaɓin cizon sauro?]

Ƙwarai kuwa! A 1976 Trager da Jensen, a Jami'ar Rockefeller, suka fara rainon ƙwayar cutar a kwano ba yankewa, da ruwan jinin mutum. Daga baya aka koma AlbuMAX, wato albumin mai ɗauke da maiƙonsa. Ita cutar tana cikin jar ƙwayar jini, daga waje take karɓar maiƙo, palmitik da oleyik tare. In rainonki ya ƙi tafiya, duba kwalbar albumin ɗinki, kada ya zama wanda aka tsame wa maiƙo kika saya. Ga kiran salla nan, ki same ni bayan La'asar.