Naman da kuka ce ya ruɓe, ba ruɓa ba ce

To jama'a, wannan ɗakin ajiye nama na gidan cin nama na Peter Luger da kuke gani shi ne ya jawo duk surutun, manyan ɓarin naman shanu jere a kan kanta, bayansu ya yi baƙi ya bushe kamar ƙirgi, mutane suna ta cewa wai Turawa ruɓaɓɓen nama suke ci kuma su biya kuɗi mai tsada. Bari mu fara daga waje tukuna.

Nan Broadway ne a unguwar Williamsburg cikin Brooklyn, birnin New York. Gidan naman sunansa Peter Luger, tun 1887 yake nan, lokacin unguwar ta Jamusawa 'yan ci-rani ce, shi kansa Luger ɗin daga Jamus ya zo, kuma da farko wajen shan kofi ne da buga sunuka. Waccan gadar ta Williamsburg da kuka hango sai 1903 aka buɗe ta, wato gidan ya girme ta da shekara 16, kuma ita ce ta kwaso Yahudawa daga Manhattan suka cika unguwar. Bayan Luger ya rasu a 1941 harka ta yi ƙasa, a 1950 aka yi gwanjon gidan, sai wani Sol Forman mai masana'antar kayan ƙarfe a tsallaken titi ya saye, dama kwastomansu ne. Mutum ya ga za a rufe masa wajen cin abinci kawai ya sayi wajen gaba ɗaya, kuɗi ke nan.

Yauwa, mu koma ɗakin. Ku kula da kyau, ɗakin sanyi ne, sanyin ya kusa na ƙanƙara amma bai daskarar da naman ba, ga fanka tana kaɗa iska dare da rana. A wannan sanyin ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da nama ba sa samun sakewa. Sai a bar shi sati uku, huɗu, wasu gidajen ma su wuce haka. Abu biyu ke faruwa a ciki. Ruwan jikin naman yana fita a hankali, ɗanɗanon sai ya taru ya yi ƙarfi, kamar dai miya in ta tsotse a kan wuta. Sannan akwai sinadaran da dama can suna cikin tsokar, su ne ke warware zaren naman su tausasa shi, shi ya sa wuƙa take shiga ba gardama.

Kar wani ya ce min ai kilishi ne. Mai kilishi feɗe nama yake sirara ya shanya a rana ya bushe gaba ɗaya, nan kuwa baya ne kawai ke bushewa, ciki yana nan ɗanye jajir. Kuma wannan baƙin ɓawon da ya ba ku ƙyama ba a cin sa, kun ga mahaucin yana fere shi yana zubarwa. Ruwa ya tafi, ɓawo ya tafi, nauyin da ka saya ya ragu, ga kuɗin wuta na sati da sati, to wa zai biya? Kai mai ci mana.

Sauran aikin ba wuya. A yanko yanki mai ƙashi a tsakiya, gishiri, wuta mai tsananin zafi, a yayyanka, man shanu, a kawo faranti yana cuwwa. Ma'aikacin zai ɗan jingine farantin ta gefe ɗaya don romon ya taru ya riƙa ɗiba da cokali yana zuba maka. Ni dai a ganina da sun san yajin ƙuli da magana ta ƙare, amma su gishiri ya ishe su.

Abin lura ga 'yan uwa, gidan yana sayar da naman alade da giya, ni yadda ake aikin kawai nake nuna muku. Kuma ba kowa ke yabon su ba, a 2019 mai sharhin abinci na jaridar New York Times ya ba su tauraro sifili, a 2022 kuma Michelin, mai ba gidajen abinci tauraron yabo, ta ƙwace nata tauraron, amma har yanzu sai ka kama gurbi da wuri kafin ka samu tebur.

In ka fito, ga tsohon ginin bankin Williamsburgh mai kubba yana kallon ka, ka ɗan taka zuwa bakin kogi kuma ka tarar da masana'antar sukari ta Domino da aka rufe a 2004, yanzu gefenta filin shaƙatawa ne yara na ta guje-guje.